Ci-rani a iyakar Mubi: Leburan da Najeriya da Kamaru suka ƙi ƙirgawa

Duk shekara da zarar damina ta kankama, manoman Digil da ke Ƙaramar Hukumar Mubi ta Arewa a Jihar Adamawa sukan zauna lissafi iri ɗaya: hannu nawa za su samu kafin ciyawa ta cinye masara da gyaɗa, kuma nawa za su biya kowane hannu. Ba a Digil kaɗai ake yanke amsar ba. Rabinta yana bayan duwatsun Mandara, a ƙauyukan Kamaru da matasansu suka saba saukowa ƙodago tun kaka da kakanni. Ɗaya rabin yana bakin 'yan canji a kasuwar Mubi, waɗanda ke faɗin naira nawa sefa dubu ɗaya ta kama a wannan safiya. Idan naira na da ƙarfi, leburori sukan sauko. Idan ta raunana, sai su tsaya gida, har ma samarin Mubi su ɗaure jaka su bi sawunsu zuwa can.

A Abuja, idan aka ambaci ƙaura, hankali kan tafi filin jirgin sama. Ana maganar likitoci da ma'aikatan jinya da ke tafiya Ingila, Kanada da Saudiyya, kuma maganar tana da nauyi: Ministan Lafiya Farfesa Muhammad Ali Pate ya taɓa cewa kimanin likitoci 16,000 ne suka bar ƙasar cikin 'yan shekarun nan, abin da ya sa gwamnati ta amince da manufa ta musamman kan ƙaurar ma'aikatan lafiya a watan Agustan 2024. Ana maganar kusan dala biliyan 20 da 'yan Najeriya mazauna ƙetare ke turowa gida a shekara. Ana kuma maganar manyan ma'aikata baƙi, irin waɗanda aka ƙaƙaba wa kamfanoninsu harajin dala 10,000 zuwa 15,000 a Fabrairun 2024, aka dakatar da shi cikin makonni biyu. Duk waɗannan suna da fayil, suna da kwamiti, suna da jami'in da ke kula da su. Mutumin da ya tsallako da fartanya a kafaɗa ta wata hanyar ƙafa kusa da Sahuda ba shi da ko ɗaya. Alhali shi da ire-irensa ne ke riƙe da wani babban sashe na noma, kiwo da gine-gine a tsawon iyakar da ta kai kusan kilomita 2,000 tsakanin Najeriya da Kamaru.

Wajibi ne a fara da tarihin wannan iyaka, domin kalmar "baƙo" tana da wata ma'ana dabam a nan. Ƙasar Mubi ta taɓa zama ƙarƙashin Jamus. Bayan Yaƙin Duniya na Farko Ingila da Faransa suka raba Kamaru, Mubi ta faɗa rabon Ingila. Sai a ƙuri'ar raba-gardama ta Fabrairun 1961 ne mutanen Arewacin Kamaru ta Ingila, da rinjayen kusan kashi 60 cikin ɗari, suka zaɓi haɗewa da Najeriya, kuma a ranar 1 ga Yunin wannan shekara yankin ya zama Lardin Sardauna, da hedikwata a Mubi. Layin da Turawa suka ja ya ratsa tsakiyar ƙabilu. Waɗanda ake kira Higi ko Kamwe a Michika su ne Kapsiki a can. Gude da Fali suna nan suna can. Fulatanci kuwa shi ne harshen kasuwa daga Mubi har Garwa da Marwa. Leburan da dokar Najeriya ke kira baƙon haure sau da yawa ɗan ƙanwar matar mai gonar ne.

Amma doka ba ta san dangantaka ba, kuma a nan ne aka samu gibin da mutane ke faɗawa. Kamaru ba ta cikin ECOWAS. Tana cikin ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Tsakiya, tana kashe sefar wannan yanki. Saboda haka yarjejeniyar zirga-zirga ta ECOWAS ta 1979 da ƙarin da aka yi mata kan 'yancin zama da neman aiki ba su shafi Bakamare ba. Mutumin Kotonou da ya yi tafiyar kwana biyu ya zo Mubi yana da matsayi a doka fiye da mutumin Bukula da ke hango fitilun Najeriya daga ƙofar gidansa. Ziyara ta ɗan lokaci ba ta da wuya. Aiki kuwa yana buƙatar izinin zama da aka tsara domin injiniyan kamfanin mai, da kuɗinsa da takardunsa da kamfanin da zai tsaya masa. A shekarar 2025 Ma'aikatar Harkokin Cikin Gida ta ƙara da tarar dala 15 a kowace rana ga wanda ya wuce wa'adin zamansa. A lokacin dala 15 ta haura naira 20,000, wato kusan kashi ɗaya cikin uku na mafi ƙarancin albashin wata guda na naira 70,000. Dokar da ke neman wannan daga mai noman jinga ta riga ta san ba za a bi ta ba. A ɗaya ɓangaren ma haka abin yake: ɗan Najeriya da ke aikin gini ko kanikanci a Gidar ko Garwa yana buƙatar katin zama mai tsada, kuma wanda ba shi da shi yakan biya kuɗinsa kaɗan-kaɗan a shingen jandarma.

Abin da ke kaɗa mutane gaba da baya kuwa darajar kuɗi ce. A farkon shekarun 1980, lokacin da naira ɗaya ta fi dala ɗaya, Najeriya ce wurin zuwa ga dukkan maƙwabta. Daga baya naira ta yi ta zamewa, sefa ma ta sha nata kashin a Janairun 1994 da aka rage darajarta da rabi. Sefa dai a ɗaure take da kuɗin Turai. Yau yuro ɗaya sefa 655.957 ne, ba ya gaba ba ya baya. Naira kuwa da aka sake ta a watan Yunin 2023, ta tashi daga kimanin 460 a kan dala a farashin hukuma zuwa fiye da 1,500 a farkon 2024. Sefa dubu ɗaya ta haura naira dubu biyu. Ma'anar wannan ga lebura a bayyane take. Bakamaren da ya yi wata guda yana noma a Digil zai koma gida da nairar da ba ta kai rabin sefar da ya saba samu ba. Ɗan Mubi da ya yi wata guda yana ɗora bulo a Kamaru zai dawo da abin da, idan ya canza, zai ninka masa. Ba sai an yi wa kowa huɗuba ba kafin ya gane inda ya kamata ya dosa.

Cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayun 2023 ya ƙara dagula lissafin. Shekara da shekaru Arewacin Kamaru yana tafiya ne da fetur ɗin Najeriya da ake sayarwa a kwalabe da jarkoki a bakin titi, wanda suke kira zuwa-zuwa. Haramtacciyar sana'a ce, ta kuma cinye wa baitulmalin Najeriya maƙudan kuɗi. Amma gaskiya ita ce ta ciyar da ɗimbin matasa masu babura a ɓangarorin biyu. Da ribar ta ragu, kuma Hukumar Kwastam ta ƙara matsa lamba da samamen da ta ƙaddamar a 2024, waɗannan matasa ba su ɓace ba. Sun koma kasuwar ƙodago, suna neman aikin da zai biya su a kowane ɓangare na iyakar.

Wa ke cin ribar wannan zirga-zirga, wa kuma ke asara? Babban manomi yana samun hannu a daidai makonnin da yake buƙata, domin noma ba ya jira: gonar da ba a nome ta a kan kari ba, an yi asarar takin da aka zuba mata. Kasuwar shanu ta Mubi, wadda ke cikin manyan kasuwannin dabbobi a wannan sashe na Afirka, tana rayuwa ne da shanun da ke fitowa daga Kamaru, Chadi har da Afirka ta Tsakiya, da makiyayan da ke koro su, kafin a loda su a tireloli zuwa Kudu. Mai sayen nama a Fatakwal ko Onitsha yana cin gajiyar gumin mutumin da babu sunansa a kowace rajista. A wannan fuska, ƙodagon baƙi cikon gibi ne, kuma zargin da ake yawan yi cewa suna ƙwace aikin 'yan ƙasa ba ya tsayawa a lokacin noma da girbi, lokacin da aiki ya fi hannu yawa.

Da rani labarin yakan sauya, kuma bai kamata a ɓoye wannan ba. A wuraren gine-gine, wajen dako da aikatau a gidaje, baƙo da ɗan gari suna neman aiki ɗaya. Wanda ba shi da takarda yakan karɓi abin da aka miƙa masa, domin ba shi da bakin ciniki. Idan aka hana shi kuɗinsa bayan ya gama aiki, ba zai je ofishin 'yan sanda ba, ba zai je kotu ba, domin tambayar farko da za a yi masa ita ce ina takardarsa. Mai ba da aiki ya san haka. Farashin da marar takarda ya yarda da shi kuwa shi ke zama farashin kasuwa, sai ɗan gari ma ya tarar an sauke masa lada. Abin da ke danne ladan ɗan Najeriya a nan rashin kariyar abokin aikinsa ne. Da baƙon yana da takardar da za ta ba shi damar kai ƙara, da arahar da ake nemansa dominta ta ragu. Irin wannan ƙunci ne kuma ɗan Najeriya ke sha a Kamaru, tare da ƙarin cewa can harshen ofis Faransanci ne.

Gwamnatocin biyu kuwa ba sa samun komai. Kuɗin da ya kamata ya shiga asusu a matsayin kuɗin rajista yana ƙarewa a shingayen hanya, ɗari biyu nan, ɗari biyar can, babu rasit. Kuɗin da lebura ke aikawa gida yana tafiya a aljihu ko ta hannun ɗan canji, ba ya ratsa banki, saboda haka ba ya cikin alƙaluman Babban Bankin Najeriya ko na Afirka ta Tsakiya. Jami'in da ke tsara kasafin asibiti ko makaranta a Mubi yana aiki da adadin jama'ar da ya samo asali daga ƙidayar 2006, alhali garin yana cika yana raguwa da kowace damina.

Sai kuma garin da aka bari. Kuɗin ci-rani yana sayen taki, yana rufa ɗaki da kwano, yana biyan sadaki da kuɗin magani, kuma babu mai hankalin da zai raina wannan a yankin da ke cikin mafiya talauci a ƙasashen biyu. Amma yana da farashi. Noman duwatsun Mandara ya dogara ne da matakalan dutse da ake gyarawa da hannu kowace shekara domin riƙe ƙasa da ruwa. Idan majiya ƙarfi suka tafi, aikin ya rage wa tsofaffi da mata, kuma matakalar da ta rushe ba a cika sake ɗaga ta ba. A ɓangaren Najeriya abin tsoron ya fi karkata ga masu sana'a. Mubi gari ne na ilimi, mai Jami'ar Jihar Adamawa da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya. Magini, mai walda ko mai gyaran lantarki da ya koyi aiki a nan ya tafi inda ake biyansa da sefa, asara ce irin ta likitan da ya tafi Landan, sai dai ita babu mai ƙirga ta.

An gwada magance lamarin da ƙarfi, ba sau ɗaya ba. A Janairun 1983 gwamnatin Shehu Shagari ta ba baƙi marasa takarda makonni biyu su fice, kuma an ƙiyasta waɗanda suka fita da kusan miliyan biyu. Ana tuna abin da sunan 'yan Ghana, amma akwai 'yan Nijar, Chadi da Kamaru da yawa a ciki, kuma tarzomar Maitatsine ta 1980 a Kano, wadda jagoranta Muhammadu Marwa ɗan asalin Kamaru ne, tana cikin hujjojin da aka kafa. Tattalin arzikin bai farfaɗo ba, domin faɗuwar farashin mai ce ta kayar da shi. Gwamnatin soja ta Janar Muhammadu Buhari ta rufe iyakoki a 1984, ta sake korar baƙi a 1985. A Agustan 2019 aka sake rufe iyakokin ƙasa, har aka hana kai fetur gidajen mai da ke cikin kilomita 20 daga iyaka. Hauhawar farashin abinci ta tashi daga kimanin kashi 13 cikin ɗari a lokacin rufewar zuwa fiye da kashi 19 a Disambar 2020 da aka fara buɗewa. Annobar korona na da nata kason a wannan, amma babu wanda ya nuna cewa rufewar ta tsayar da mai tsallakawa ta bayan dutse. Ta dai ƙara kuɗin tsallakawar.

Kamaru ma ta gwada nata. Bayan hare-haren ƙunar baƙin wake a Marwa a tsakiyar 2015, ta riƙa loda 'yan Najeriya a manyan motoci tana saukewa a iyaka, dubbai daga cikinsu ta Sahuda zuwa Mubi. Ƙungiyar Human Rights Watch ta ce a rahotonta na 2017 waɗanda aka koro ta wannan hanya sun haura 100,000, duk da yarjejeniyar da Najeriya, Kamaru da Hukumar 'Yan Gudun Hijira ta Majalisar Ɗinkin Duniya suka sanya wa hannu a Maris ɗin wannan shekara cewa komawa gida sai da yardar mai komawa. A irin wannan kame ba a bambanta ɗan gudun hijira da ɗan kasuwar da ya shekara ashirin a gari.

Hujjar tsaro ba abin wasa ba ce, kuma mutanen Mubi sun fi kowa saninta. Boko Haram ta ƙwace garin a ƙarshen Oktoban 2014 ta sauya masa suna, kafin a ƙwato shi a watan Nuwamba. Bam ya tashi a masallaci a Nuwamban 2017, wasu biyu suka tashi a ranar 1 ga Mayun 2018. Duk jami'in da ya ce yana tsoron buɗe ƙofa yana da dalili. Amma ƙofar a buɗe take tun tuni, abin da babu shi ne littafin da ke ƙofar. Jami'in tsaro da ke fuskantar mutum ɗari marasa takarda ba shi da hanyar gane ɗaya mai mugun nufi a cikinsu. Idan casa'in da tara suna da kati mai hoto da zanen yatsa, aikinsa ya ragu zuwa mutum guda. Kada kuma a manta cewa a 2014 ƙauyukan Kamaru ne suka buɗe wa mutanen Mubi ɗakunansu.

Ƙasashen da suka fi Najeriya kuɗi sun bi wannan hanya sun ga ƙarshenta. Daga 1942 zuwa 1964 Amurka tana da shirin shigo da leburorin gona daga Meziko da kwangila ta ɗan lokaci. Shirin yana cike da zalunci, kuma an soke shi da dalili. Amma gonakin ba su daina buƙatar hannu ba, sai shigar ta koma ta ɓoye, har a 1986 aka tilasta wa Amurka halasta zaman mutum kusan miliyan 2.7. Da ta tsaurara iyaka daga baya, leburan da ya saba zuwa ya koma sai ya daina komawa, ya kira iyalinsa, domin tsallakawa ta yi tsada da haɗari. Tarayyar Turai, duk da tsananinta, ta yi doka a 2006 da ke ba mazauna kusa da iyakarta ta waje izinin zirga-zirga na musamman a cikin kilomita 30.

Abin da ya dace da Mubi bai wuce irin wannan ba: katin mazaunin iyaka da na aikin damina, wanda ƙasashen biyu za su amince da shi. Ya zama mai araha ƙwarai, kuɗinsa kada ya wuce ladan aikin yini ɗaya ko biyu, a biya ta waya ko banki kada kuɗi ya ratsa hannun kowa. A ba da shi a bakin iyaka da kuma ranar kasuwa, ba a Yola ko Abuja ba. Ya ƙayyade yankin da mai shi zai yi aiki da watannin da zai yi, ya kuma ba shi damar kai ƙara idan an danne masa haƙƙi ba tare da fargabar kora ba. Jauro da lawani, waɗanda suka san wanda ya sauka a gidan wa, su ne shaidun da suka dace, a ƙarƙashin Masarautar Mubi da takwarorinta na can. Masu tsoron cewa katin zai zama hanyar shiga rajistar zaɓe su lura cewa akasin haka ne ya fi yiwuwa. A yau hanya mafi sauƙi ga Bakamaren da ke son zaman lafiya a shinge ita ce ya nemi takardar shaidar ƙaramar hukuma ta bayan fage ya zama ɗan Najeriya a takarda. Idan yana da halastacciyar hanyar yin aiki da sunansa na gaskiya, buƙatar wannan ƙarya ta ragu.

Ba a buƙatar sabuwar hukuma. Najeriya tana da Manufar Ƙaurar Ma'aikata ta 2014 da Manufar Ƙaura ta Ƙasa ta 2015, tana da Dokar Shige da Fice ta 2015, tana da Hukumar Raya Al'ummomin Kan Iyaka. Akwai kuma hukumar haɗin gwiwa ta Najeriya da Kamaru da aka kafa a 2002 bayan hukuncin Kotun Duniya kan Bakassi, wadda ta shafe fiye da shekara ashirin tana aikin shata iyaka, har da kafa ginshiƙan kankare a kanta, kuma tun farko haƙƙin al'ummomin da layin ya shafa yana cikin aikinta. Abin da ya rage shi ne Ma'aikatun Cikin Gida, Ƙwadago da Harkokin Waje su zauna a tebur ɗaya, abin da ma'aikatan tarayya suka san ya fi tattaunawa da Yawunde wuya. Ana iya farawa da gwaji a mashiga guda, Sahuda da Bukula, na tsawon damina ɗaya, tare da Gwamnatin Jihar Adamawa. A ƙarshen kaka za a samu abin da babu ofishin da ke da shi a yau: adadin waɗanda suka shigo, gonakin da suka yi wa aiki a Digil da kewaye, abin da aka biya su, da yawan samarin Mubi da suka bi hanyar zuwa ɗaya ɓangaren.